Idan Aka Kai wa Ofishin Jakadanci Hari, Me Ya Kamata Shugaban Ƙasa Ya Yi?

Tambaya: Malam, duk lokacin da aka kai wa ofishin jakadancin wata ƙasa hari a ƙetare, sai jama'a su rabu gida biyu. Wasu su ce shugaban ƙasar ya rama nan take kada a raina shi, wasu su ce ya bi a hankali. Wanne ne daidai, kuma me doka ta tanada?

Amsa: Ɗan'uwa, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Akwai abin da ake so shugaba ya yi cikin gaggawa, wato ceton mutanensa. Akwai kuma abin da gaggawa ke ɓatawa, wato ɗora wa wani laifi da ɗaukar fansa. Tsakanin biyun nan akwai tambaya guda wadda a ganina komai ya rataya a wuyanta: gwamnatin ƙasar da aka yi ɓarnar a cikinta, ina ta tsaya? An fi ƙarfinta ne, sakaci ta yi, ko kuwa da hannunta? Shugaban da ya ɗaga hannu bai amsa wannan ba, da wuya dukansa ya sauka inda ya dace.

Mu fara da doka. Yarjejeniyar Vienna kan hulɗar jakadanci, wadda aka ƙulla a 1961 kuma kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita, ita ce madogara. Sashe na 22 ya hana jami'an ƙasa mai masauki taka harabar ofishin jakadanci sai da izinin jakada, sannan ya ɗora wa ƙasar wani nauyi na musamman: ta ɗauki duk matakin da ya dace don kare wurin daga kutse da ɓarna. Sashe na 29 ya haramta kama jakada ko tsare shi, ya kuma wajabta kare lafiyarsa da mutuncinsa. Ko da ƙasashen biyu sun yanke hulɗa, ko ma suna yaƙi, sashe na 45 ya ce ginin da takardunsa suna nan amana a hannun mai masauki.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa filin ofishin jakadanci yanki ne na ƙasar da ta aiko da jakadan. Ba haka ba ne. Ofishin jakadancin Najeriya da ke Akara a ƙasar Ghana yake, kariya ce kawai doka ta ba shi. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin ke nan jifan ofishin jakadanci ko cinna masa wuta bai zama mamaye ƙasa kai tsaye ba, kuma wanda za a fara tuhuma shi ne mai masaukin da aka ba amana.

Mu Musulmi wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Lokacin da 'yan aiken Musailama suka zo gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka furta abin da suka furta, ya gaya musu cewa da ba don ba a kashe 'yan aike ba da ya sare wuyansu, kuma suka koma lafiya. A Hudaibiyya, da jita-jita ta bazu cewa Ƙuraishawa sun kashe Sayyidina Usman wanda aka aika musu, an yi mubaya'a a ƙarƙashin bishiya, an ɗaura ɗamara, amma ba a afka wa Makka ba. Labarin ya zama ƙarya, abin kuma ya ƙare da sulhu. Da aka tabbatar da kisan Harisu ɗan Umair kuwa, ɗan aiken da wani sarkin Gassanawa ya kashe, runduna aka tura Mu'uta. Taɓa ɗan aike babban laifi ne, amma sai da tabbaci ake ɗaga takobi.

To, a sa'o'in farko me ake buƙata daga shugaba? Ƙirga mutane. Su wa ke cikin ginin, su wa ke gida, ina iyalansu, wa ya ji rauni, wane asibiti zai karɓe su. A cikin ƙirgar nan har da 'yan ƙasar da ke aiki a ofishin: direbobi, masu gadi, masu fassara, masu karɓar takardun biza, domin su ne ke bakin ƙofa, su ne kuma ake fara samu. Daga nan shugaba ya ɗauki waya da kansa ya kira takwaransa. Wannan kiran ba na minista ba ne, domin sau da yawa 'yan sanda da sojojin mai masauki suna tsaye suna kallo, jiran umarni daga sama suke yi. A ranar 21 ga Nuwamban 1979, wani taro ya ƙone ofishin jakadancin Amurka a Islamabad bisa ƙaryar cewa Amurka ce ta mamaye Masallacin Harami, alhali Juhaiman al-Utaibi da mutanensa ne suka yi. Mutum sama da 100 suka ɓuya a wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, hayaƙi na shiga, suka shafe sa'o'i kafin sojojin Pakistan su iso. Amurkawa 2 da ma'aikata 'yan Pakistan 2 suka mutu. A irin wannan rana ba jawabi ake buƙata ba. Ana buƙatar wanda zai sa mai masauki ya tashi tsaye. Haka nan a sanar da sauran ofisoshin ƙasar a duk faɗin yankin, saboda irin wannan wuta tana tsallaka iyaka cikin yini guda.

Sai maganar abin da zai faɗa wa jama'a. Shawarata a nan mai sauƙi ce: ya yi magana da wuri, ya yi ta'aziyya, ya faɗi abin da aka tabbatar, ya tsaya nan. Rahoton farko da ke fitowa daga wurin da ake harbi kusan kullum yana da gyara. Harin Bengazi na 11 ga Satumban 2012, inda aka kashe jakadan Amurka a Libiya Christopher Stevens da wasu Amurkawa 3, shi ne darasi. A ranar ne masu zanga-zanga suka haura katangar ofishin jakadancin Amurka a Alƙahira saboda wani bidiyon ɓatanci ga Annabi, don haka aka yi saurin haɗa abubuwan biyu. Kwana 5 bayan nan Susan Rice, wakiliyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shiga gidajen talabijin tana bayanin cewa daga zanga-zanga abin ya samo asali. Kwamitin binciken da Thomas Pickering da Mike Mullen suka jagoranta ya gano cewa babu wata zanga-zanga a Bengazi kafin harin, 'yan bindiga ne suka zo da shirinsu. Aka shafe shekaru ana cacar baki a majalisa kan wannan bayanin na farko. 'Yan adawa ma ba su tsira ba, domin ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe ne, kuma tun ba a gama sanin adadin matattu ba Mitt Romney, ɗan takarar shugaban ƙasa na 'yan adawa, ya fara sukar gwamnatin Obama. Mai neman mulki shi ma akwai haƙƙin kame baki a kansa har a binne mamata.

Yanzu mu koma tambayar da na ce komai ya rataya a kanta. Idan mai masauki shi ma cutarsa aka yi, to abokin makoki ne, ba abokin gaba ba. A ranar 7 ga Agustan 1998 ƙungiyar Alƙa'ida ta tayar da bama-bamai a ofisoshin jakadancin Amurka da ke Nairobi da Darussalam. Mutum 224 suka mutu, 12 kawai daga ciki Amurkawa ne. Sauran 'yan Afirka ne, yawancinsu 'yan Kenya da ke wucewa a titi ko suke cikin ginin Ufundi da ke maƙwabtaka, wanda ya rufta a kansu. Dubbai sun jikkata. Martanin Shugaba Bill Clinton kashi biyu ne, kuma ina son mai karatu ya auna su da kyau.

Kashi na farko shi ne na makami. Kwana 13 bayan harin, ranar 20 ga Agusta, Amurka ta harba makamai masu linzami kan sansanonin Alƙa'ida a Afganistan, ba ta kuma samu Usama bin Laden ba. A daren ne ta ragargaza masana'antar magunguna ta Al-Shifa da ke Khartum Bahri, bisa zargin cewa ana haɗa sinadarin makami mai guba a wurin. Babbar hujjar ita ce ɗan samfurin ƙasa da aka ce an ɗebo a kusa da masana'antar. Sudan ta roƙi Kwamitin Sulhu ya aiko da masu bincike, Amurka ba ta yarda ba. A watan Mayun 1999 gwamnatin Amurka ta saki kuɗaɗen mai masana'antar, Salah Idris, waɗanda ta riƙe, maimakon ta kare zarginta a gaban kotu. Masana'antar nan kuwa ita ke samar da kaso mai yawa na magungunan Sudan, har da na zazzaɓin cizon sauro da na dabbobi. An bar jaki, an daki taiki. Talakan Sudan ya rasa magani, Bin Laden kuma ya samu suna da magoya bayan da bai da su a da.

Kashi na biyu bai yi ƙara ba. Masu bincike na Amurka suka zauna da 'yan sandan Kenya da na Tanzaniya, aka bi sawu, aka kama ɗaya daga cikin maharan Nairobi cikin 'yan kwanaki. A watan Mayun 2001 wata kotu a New York ta samu mutum 4 da laifi, aka yi musu ɗaurin rai da rai. Haka aka yi da Ahmed Abu Khattala, wanda aka zarga da hannu a harin Bengazi: an kama shi a 2014, an gurfanar da shi, an same shi da laifi a 2017. Wannan hanya tana cin lokaci, kuma ba ta kwantar da zuciyar mai jin zafi a ranar farko, amma ita ce ke kai hannu ga wanda ya aikata. Kada kuma a manta cewa kwana 10 bayan kisan Stevens, dubban mutanen Bengazi da kansu suka fito suka kori mayaƙan Ansarus Shari'a, ƙungiyar da ake zargi da harin, daga sansaninsu. Da an yi wa garin ruwan bama-bamai a makon farko, da ba su fito ba.

Wani lokaci ma maharin burinsa ke nan, ya haɗa ƙasashe biyu faɗa. A ranar 19 ga Disamban 2016 wani ɗan sandan Turkiyya ya harbe jakadan Rasha Andrei Karlov a wani ɗakin baje kolin hotuna a Ankara, yana ambaton birnin Halab na Siriya, inda Rasha ke taya gwamnati yaƙi. Shekara guda kafin nan Turkiyya ta kakkaɓo jirgin yaƙin Rasha, kuma da ƙyar aka ɗinke ɓarakar. Putin da Erdogan suka yi waya, dukansu suka kira abin da yunƙurin ɓata tsakaninsu, Rasha ta aika masu bincikenta, kuma taron ministocin harkokin wajen Rasha da Turkiyya da Iran kan Siriya ya gudana washegari a Mosko yadda aka tsara. Ko me mutum ke gani game da shugabannin biyu, a nan sun hana makashin cimma burinsa.

Idan sakaci ne, to ma'aunin shi ne abin da mai masauki ya yi bayan ɓarnar. Mu a nan mun gani. A watan Yunin 2020 wasu mutane suka shiga harabar gidan jakadan Najeriya a Akara da motar rusau cikin dare, suka rushe wani gini da ake kan yi, bisa rikicin mallakar fili. An ji zafi a gida, an yi ta kiran a rama. Gwamnatin Buhari ta kira wakilin Ghana a Abuja ta nuna ɓacin ranta, ta nemi a hukunta masu laifi. Shugaba Nana Akufo-Addo ya kira Buhari a waya ya ba da haƙuri, aka kama mutane, Ghana ta yi alƙawarin sake ginawa. Abubuwa huɗu ke nan da ake nema daga mai sakaci: ya amsa laifi, ya hukunta, ya biya diyya, ya ba da tabbacin ba za a sake ba. Idan ya kawo su, shugaba ya karɓa ya rufe maganar. Duk wanda ya san yawan 'yan Najeriya da ke kasuwanci a Akara da Kumasi, da 'yan'uwanmu na zango da ke kai da komo, ya san su wa za su ɗanɗana kuɗarsu da an ja zaren ya tsinke.

Matakan diflomasiyya hawa-hawa ne, kuma hikimar ita ce kada a tsallake zuwa na ƙarshe alhali na tsakiya zai wadatar. Ana kiran jakadansu a yi masa kashedi, ana yi wa naka kiranye, ana korar wasu jami'ansu kamar yadda sashe na 9 ya ba da dama ba tare da ba da dalili ba, ana rufe ofishi, sannan a ƙarshe a yanke hulɗa. Dubi yadda ƙasashe biyu suka yi da Iran. Da aka kutsa ofishin jakadancin Birtaniya a Tehran a Nuwamban 2011, Birtaniya ta kwashe mutanenta, ta ba jami'an Iran sa'o'i 48 su bar Landan, amma ta faɗa a fili cewa ba ta yanke hulɗa gaba ɗaya ba. A Agustan 2015 aka sake buɗe ofisoshin. Da aka ƙone ofishin jakadancin Saudiyya a Tehran, aka kuma afka wa ƙaramin ofishinta na Mashhad a Janairun 2016, bayan Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa kan malamin Shi'a Sheikh Nimr al-Nimr, Saudiyya ta yanke hulɗa washegari, duk da cewa Shugaba Rouhani ya yi tir da abin. Tana da hujja, domin ba wannan ne karon farko da aka bar taro ya yi abin da ya ga dama da ofishin jakadanci a Tehran ba. Amma a shekarar nan alhazan Iran ba su yi aikin Hajji ba, kuma sai a Maris ɗin 2023 aka sasanta a Beijin. Shekara 7 manyan ƙasashen yankin biyu ba su da hulɗar jakadanci, ana kuma yaƙi a Yaman.

Mafi wuya shi ne idan gwamnati ce da kanta ta rungumi laifin. Ranar 4 ga Nuwamban 1979 ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, bayan Shugaba Jimmy Carter ya bar hamɓararren Sarkin Iran ya shiga Amurka neman magani. Mutum 52 suka shafe kwana 444 a tsare. Hukuncin da Kotun Duniya da ke Hague ta yanke a ranar 24 ga Mayun 1980 shi ne abin da nake so duk ɗalibin wannan fanni ya fahimta, domin ya raba laifin Iran gida biyu. Da farko laifinta shi ne ƙin kare ofishin. Amma daga lokacin da Ayatullahi Khomeini da hukumomin ƙasar suka amince da mamayar, suka mai da ita hanyar matsa wa Amurka lamba, sai aikin ɗaliban ya zama aikin ƙasa.

Carter ya yi abubuwa da dama daidai: ya riƙe kadarorin Iran na biliyoyin daloli, ya daina sayen manta, ya je kotu, ya je Kwamitin Sulhu. A ganina kurakuransa biyu ne. Na farko, ya mai da batun tamkar shi kaɗai ne aikin gwamnati, har ya daina fita yaƙin neman zaɓe na tsawon watanni. Mai garkuwa da mutane idan ya ga haka, ya san abin da ke hannunsa ya yi tsada, sai ya ƙara riƙewa. Na biyu shi ne yunƙurin ceto na ranar 24 ga Afrilun 1980. Jirage masu saukar ungulu suka samu matsala a cikin guguwar ƙura a hamadar Tabas, aka fasa aikin, wajen janyewa kuma jirage biyu suka yi karo, sojoji 8 suka mutu. Sakataren harkokin waje Cyrus Vance, wanda tun farko bai goyi baya ba, ya ajiye aiki. Iran ta warwatsa mutanen zuwa wurare daban-daban. A ƙarshe Aljeriya ce ta shiga tsakani, aka sa hannu kan yarjejeniya ranar 19 ga Janairun 1981, aka sake su washegari, dukansu da rai. Kuɗin da aka riƙe tun mako na biyu na rikicin su ne suka zama abin ciniki a teburin sulhu.

Ƙasa ba sai ta zama ƙarama ba kafin ta zaɓi wannan hanya. A Mayun 1999, lokacin yaƙin Kosobo, jirgin yaƙin Amurka ya jefa bama-bamai kan ofishin jakadancin Sin a Belgired, 'yan jarida 3 suka mutu. Amurka ta ce kuskuren tsohuwar taswira ne, Sinawa da yawa har yau ba su yarda ba. Gwamnatin Jiang Zemin ta dakatar da wasu tattaunawa, ta matsa har Clinton ya nemi afuwa, ta karɓi dala miliyan 4.5 don iyalan mamata da waɗanda suka jikkata, da miliyan 28 na ginin. Ita ma ta biya kusan miliyan 3 saboda ɓarnar da masu zanga-zangarta suka yi wa gine-ginen jakadancin Amurka. A watan Nuwamban shekarar kuma ta sa hannu da Amurka kan yarjejeniyar da ta buɗe mata hanyar shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Ta san abin da ta sa a gaba, ba ta bar fushin wata guda ya cinye shi ba. Mekziko ma, da 'yan sandan Ekwado suka fasa ofishin jakadancinta a Kito a Afrilun 2024 suka kama tsohon mataimakin shugaban ƙasa Jorge Glas, yanke hulɗa ta yi ta garzaya Kotun Duniya, kuma kusan duk ƙasashen yankin, masu ra'ayin hagu da na dama, suka tsaya a bayanta.

Ba ina cewa babu inda ƙarfin soja ke da gurbi ba. Sashe na 51 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da kare kai idan an kai harin makami. Idan ana kashe mutanenka yanzu-yanzu, mai masauki ya kasa ko ya ba da izini, kuma kana da tabbacin inda za ka dosa, to kai ɗauki wajibi ne. Amma ceto daban, huce haushi daban. A ranar 31 ga Disamban 2019 magoya bayan mayaƙan da Iran ke mara wa baya suka afka wa ofishin jakadancin Amurka a Bagadaza, suka ƙona wurin karɓar baƙi. Ba a kashe kowa a ciki ba, kuma washegari suka janye. Ranar 3 ga Janairu Shugaba Trump ya sa aka kashe babban kwamandan Iran Janar Ƙasim Sulaimani a kusa da filin jirgin saman birnin. Majalisar Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar neman sojojin waje su fice. Ranar 8 ga wata Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ainul Asad da ke Iraƙi, sojojin Amurka sama da 100 suka samu rauni a ƙwaƙwalwa, kuma a cikin ruɗanin wannan dare dakarun Iran suka harbo jirgin fasinja na Yukren da ya tashi daga Tehran. Mutum 176 suka hallaka, babu ko ɗaya a cikinsu da ya jefi ofishin jakadancin kowa. Kafin shugaba ya ba da umarni, wajibi ne ya tambayi hafsoshinsa abin da ɗaya ɓangaren zai yi gobe, da abin da shi zai yi jibi.

Akwai wani aiki da ake yawan mantawa da shi, kuma a cikin gida yake. Ranar da aka taɓa naka a waje, ranar ce ya kamata ka ƙara 'yan sanda a ƙofar ofishin jakadancin waccan ƙasar da ke babban birninka. A Satumban 2019, da aka kai wa baƙi hare-hare a Afirka ta Kudu, matasa suka huce kan shagunan Shoprite da ofisoshin MTN a Legas da wasu garuruwa, wuraren da ma'aikatansu 'yan Najeriya ne, har Afirka ta Kudu ta rufe ofisoshin jakadancinta na Abuja da Legas na ɗan lokaci saboda barazana. Mu da muke da ƙorafi na gaskiya, saura kaɗan mu koma masu ba da haƙuri. Abin da ya yi amfani shi ne manzon musamman da Buhari ya aika, da kwaso waɗanda ke son dawowa, da manzon da Ramaphosa ya turo Abuja ya nemi afuwa.

Wani harin kuma alama ce ta ciwon da ya daɗe. Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana 4 bayan juyin mulki, masu zanga-zanga a Yamai suka ɓalle allon ofishin jakadancin Faransa, suka cinna wa wata ƙofa wuta. Laifi ne, kuma nauyin hana shi yana kan masu riƙe da mulki ko ta wace hanya suka hau. Amma sanarwar da fadar Macron ta fitar, cewa duk wanda ya taɓa Faransawa zai ga martani nan take ba sassauci, ta faɗa kunnen mutanen da dama ƙorafinsu shi ne Faransa na yi musu magana da muryar ubangida. Da sojoji suka ce jakada Sylvain Itté ya fice, Faransa ta ce ba ta san da gwamnatinsu ba, ya zauna a killace fiye da wata guda. Ƙarshenta ya tafi a ƙarshen Satumba, sojojin Faransa suka kammala ficewa a Disamba, aka rufe ofishin a Janairun 2024. Kwashe 'yan ƙasarta da ta yi cikin kwanakin farko ya yi kyau. Barazanar da jan-in-jan kuwa ba su sayo mata komai ba.

Bayan ƙura ta lafa, saura binciken kai. Jakadiyar Amurka a Kenya, Prudence Bushnell, ta sha rubuta wa Washinton tun kafin harin 1998 cewa ginin yana bakin babban titi, ba shi da kariya, har ta rubuta wa sakatariyar harkokin waje Madeleine Albright kai tsaye. Ba a sauya musu wuri ba. Kwamitin Bengazi shi ma ya ce tsaron wurin ya gaza ƙwarai. Shugaba na gari zai kafa kwamiti mai zaman kansa, ya bar shi ya tono har abin da ba zai yi wa gwamnatinsa daɗi ba, ya kuma fitar da kuɗin gyara. Sai dai gyaran ma yana da iyaka. Ofishin jakadancin da aka mayar da shi ganuwa a bayan gari, jami'ansa ba sa shiga kasuwa, ba sa zuwa ɗaurin aure ko ta'aziyya, ba zai ji ƙishin-ƙishin ɗin abin da ke tafe ba. Haka batun diyya: kuɗin da Sudan ta amince ta biya a 2020, dala miliyan 335, sun tafi ne ga Amurkawa da ma'aikatan ofisoshin da iyalansu, yayin da talakawan Kenya da abin ya rutsa da su a titi suke ta neman nasu haƙƙin har yau. Wannan ma ɓangare ne na martani, kuma mutanen ƙasar suna lura.

A nan ne nake jin damuwa game da namu. Najeriya tana da ofisoshin jakadanci sama da 100 a duniya. A watan Satumban 2023 gwamnati ta yi wa jakadunta kiranye, aka kuma shafe fiye da shekara biyu yawancin ofisoshin suna hannun masu riƙon ƙwarya. Mai riƙo yana iya rubuta takarda zuwa ma'aikatar harkokin wajen mai masauki, amma jakadan da ya miƙa takardunsa ga shugaban ƙasa, ya saba da ministan cikin gida da shugaban 'yan sanda, shi ne ake ɗaga wa waya da tsakar dare. Naɗa jakadu a kan lokaci, biyan kuɗin haya da albashin masu gadi, tabbatar da takardun filayen ofisoshinmu kamar yadda rikicin Akara ya nuna, da tsara yadda za a kwashe ma'aikata idan ta ɓaci, duk ayyuka ne da fadar shugaban ƙasa da Majalisar Tarayya za su iya kammalawa a cikin kasafin shekara guda.